Sirof Mai Ruwan Zinare

"Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muka tashi, sai dai ban gane mai gaisuwar ba. Ɗiyar wa ce ke?"

Iya Suwaiba ce ta faɗi haka daga kan tabarmarta, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar waken da take yi ba. Tun daga zaure ta gane muryar. Tun hantsi take zaune a inda za ta hango ƙofa, ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta ɗaura zanen da ba ta ɗaurawa sai Juma'a. Amma ba a nuna wa jika irin wannan, raini yake jawowa.

Gidan babba ne a bakin garin Daudawa, ɗakuna a jere, kowanne da kwaɗo. Lokacin da aka yi fama da 'yan bindiga ɗanta ya kwashe iyalinsa ya koma Funtuwa, ita kuma ta ce babu inda za ta. Yanzu gari ya ɗan lafa, amma waɗanda suka tafi sun saba da birni. Sukan zo da hantsi, su gaishe ta, su bi motar Gide direba mai tashi da la'asar, don bayan ita ba mai ɗaukar hanya. Tun da suka tashi ba wanda ya sake kwana a gidan sai ita kaɗai. Shinkafa da sabulun da suke aiko mata ba su dame ta ba. Abin da take so shi ne ta farka da asuba ta ji numfashin wani a ɗaki. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, kuma ba ta da niyyar gayawa.

Mansura, jikarta, ta dire jakar bakko a gefen tabarma.

"Au, har makanta ta iso? Alhamdu lillahi, abu ya matso. Dama na daɗe ban ci gumba ba."

"Gumbar mutuwata? Ki gyara zama, 'yar nema, jira zai yi maki tsawo. Ni zan ci ta aurenki, in an samu wanda zai kwasa."

"Iya, ni fa layi ake yi a ƙofar gidanmu."

"Na san gidan. Famfo ne a ƙofar, layin masu jarka ne."

Mansura ta durƙusa tana dariya, ta yi gaisuwar gaske.

"Ya ƙafar?"

"Tana nan inda kuka bar ta."

"Baba na gaishe ki, Mama ma ta ce a gaishe ki da kyau."

"Ina amsawa. Su tasu ƙafar karyewa ta yi?"

"Baba yana kasuwa, Mama kuma ta ce lallai ni in zo in duba ki. Ga shi na karɓi aiki, gobe da yamma ana taron suna a maƙwabtanmu, ni zan yi masu kayan zaƙi. Shi ne na haɗo aikin na taho da shi, in yi a nan, in bi Gide."

"Wato ba wurina kika zo ba, wurin murhuna kika zo."

"Murhun ya fi ki fara'a."

"Shi ma don bai san halinki ba ne."

Mansura ta fara fito da kaya: manyan kwalayen kwanfilas, gwangwanin garin cakulan, bota, da faffaɗan tire. Iya Suwaiba ta zura hannu a kwali ta ɗebo, ta murza, ta shinshina.

"Wannan ai dussa ce."

"Masara ce, Iya. Da madara ake shan ta a birni."

"Masarar da aka wulaƙanta. Mu nan akuya muke zuba wa irin wannan, ita ma sai ta ga dama. Shi za ki kai gidan suna? Me maijegon ta yi maki?"

"Ki bari ki gani. Ba a gasawa, ba a soyawa. A narka bota, a zuba cakulan da sirof, a juye masarar a ciki, a danne a tire, ya kama, a yanka. Yara har kuka suke yi a kanshi."

"Ni ma in aka ba ni sai na yi kuka."

"Yawwa, ina saƙona?"

Jiya da yamma Mansura ta kira ta a waya, ta ce shagon da take saye a Funtuwa sirof ya ƙare, a duba mata shagon Lawwali ko za a dace, mai kauri, mai ruwan zinare. Iya Suwaiba ba ta aiki kowa ba. Da sandarta ta taka har shagon Lawwali, ya ce mata, "Hajiya, sirof ai sai kemis." Ta sake takawa har kemis, can bayan masallacin Juma'a, ta dawo gwiwa na yi mata zugi.

Ta ɗaga gefen tabarma ta jawo ƙullin baƙar leda, ta miƙa ba tare da ta kalli yarinyar ba.

"Ungo. Har da ɗan kofin awo a kanshi."

Mansura ta kwance, ta ɗaga kwalbar, ta karanta jikinta. Ta sake karantawa. Sai ta zame ta zauna daɓas a ƙasa, ta riƙe ciki.

"Maganin tari! Iya, maganin tari zan zuba wa mutane a gidan suna?"

"To ba sai su koma gida da lafiya ba? Wane taro ne ba a rasa mai tari?"

"Wayyo cikina!"

"Ke kika ce sirof. Ki duba kalar, ba ruwan zinare ba ne? Mai kemis ya tambaye ni shekarun yarinyar, na ce ta isa aure, ba a dai zo ba. Ya ce tarin busasshe ne ko mai majina, na ce a waya ban ji tari ba, rashin kunya kawai na ji. Har wani kallo ya yi mani, halan ya zaci ni zan shanye in yi ta tangaɗi a titi."

"Sirof na girki nake nufi!"

"Tun da aka haife ni ban taɓa jin an yi girki da sirof ba. Sirof na jarirai ne da 'yan iskan gari. Ke wanne ce a ciki?"

Ta faɗa da ƙarfi, amma dariyar ta ɗan sosa mata rai. Ba ƙaramar tafiya ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta.

Mansura ta share hawaye da bakin mayafi. "Ruwan sukari ne mai kauri, kamar zuma. Shi ke haɗe kan abin ya kama, har a iya yankawa. In babu shi, garin cakulan da masara kawai gare ni."

Nan take Iya Suwaiba ta gane abin gaba ɗaya. Kantu ne. Kantu ne da aka sa wa kayan Turawa. Ta yi shekaru tana yin na riɗi da na gyaɗa, har daga Tafoki ake zuwa saye. Ta san in aka dafa mazarƙwaila ta yi danƙo, kafin mutum ya gama alwala abu ya kama kamar dutse. Kuma tana da ita, curi-curi, wadda wata 'yar ƙanwarta ta aiko mata daga Sabuwa, tana cikin langa a ƙarƙashin gado. Tana kuma da zuma a kwalba. Ɗanyar zuma kuwa, a wannan zafin, ko za a yi mata wa'azi ba za ta kama ba.

Ta dubi inuwar katanga. Azahar ma ba ta yi ba.

"Ba ki da mazarƙwaila?" in ji Mansura. "Na ga wata ta yi da ita a waya."

"Mazarƙwaila? Da wane haƙorin?"

"A gari fa?"

"Sai ranar kasuwa."

"Sukari kuwa na taɓa gwadawa, yashi ya koma mani." Ta dafa kai. "Na shiga uku."

"Ba ki shiga ba tukuna. Ina da zuma."

"Ta gaske?"

"Ji mani ja'ira. Ni zan ajiye irin ta Funtuwa, sukarin da aka dafa da ƙarya? Wannan ƙudan da suka yi ta a kan ɗorawa kaɗai suke kiwo, ba su taɓa sauka a juji ba. Sarauniyarsu ma ta san ni, in na wuce gaishe ni take yi."

"Sa'arki ce halan."

"Ƙanwata ce. Ɗauko kwalbar a bayan randa, kuma ki riƙe ta da hannu biyu, ta fi sadakinki."

Mansura ta hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe ta, ta yi ta tari tana fifita da murfin kwano. Iya Suwaiba ta nuna kwalbar kemis da baki.

"Kin gani? Allah ba ya barin wahalar tsohuwa ta tafi a banza. Kofi ɗaya, bayan abinci."

"Wallahi Iya sai na rama."

Bota ta narke, aka zuba garin cakulan, ƙamshi ya cika tsakar gidan da ya daɗe bai ji ƙamshin komai ba sai daddawa. Mansura ta ɗaga kwalbar zuma za ta tuttula a tukunya tana kan wuta, sai ludayi ya sauka a bayan hannunta.

"Sauke tukunyar tukuna. Ba a tafasa zuma."

"In ba ta tafasa ba yaya za ta yi danƙo?"

"Magani ce. In ta ji wuta albarkarta guduwa take yi. A makarantar taku ba a koya maku komai ba sai danna waya?"

Iya Suwaiba ta taso tana jin ana faɗin haka, kuma da can rabi da rabi ta yarda. Yau ta yarda ɗari bisa ɗari.

Aka sauke, aka zuba zuma, aka juye masarar, Mansura ta gauraya ta danne a tire. Suka kai shi gindin randa, inda yashi ke da sanyi, suka rufe da faifai.

Bayan sallar azahar Iya Suwaiba ta turo mata kwanon dambu da zogale, ya sha man gyaɗa da ƙuli.

"Ci, ragowar jiya ne, dama zubarwa zan yi."

"Ragowar jiya mai tururi?"

"Zafin gari ne."

Mansura ta cinye tas. Ta tashi tana neman sabis, ta zaga tsakar gida da waya a sama, ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka haife ta. Kwaɗon ya yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a jikin ƙyauren. Ta leƙa ta taga, ta dawo.

"Iya, ki dawo Funtuwa mana. Baba ya ce ɗaki na nan."

"Wanda yake ajiye babur a ciki? In kwanta ina shaƙar fetur, in tashi in gaida taya?"

"An fitar da babur ɗin."

"A mayar da shi, kada ya yi kewa."

"To a nan da wa kike hira?"

"Da rediyo."

"Rediyo ai ba ya amsawa."

"Shi ya sa muke shiri. Kuma bai taɓa ce mani zai bi motar la'asar ba." Ta ji maganar ta fita fiye da yadda ta so, sai ta yi sauri ta ƙara, "Ba ya kuma cinye mani dambu."

Inuwa ta fara tsawo. Mansura ta je gindin randa ta ɗaga faifai, ta dangwala yatsa. Yatsan ya nutse. Ta ɗaga, zuma ta biyo shi.

"Iya, bai kama ba."

"Zai kama."

"Yaushe?"

"Zuma ba ta son gaggawa. Sai ta kwana, sanyin asuba ya buge ta."

"Ta kwana?"

"Ita na ce, ba ke ba. Ni me zan yi da ke? Ki cika mani ɗaki da munshari irin na babanki, ki hana ni jin labarai."

Mansura ta karkata tiren kaɗan, abin ya fara gangarowa gefe, ta yi maza ta daidaita shi.

"In na shiga motar Gide da wannan, a tsakanin buhunan masara da zafin inji, kafin mu kai Funtuwa ya zama kunu. Ga shi duk masarar da cakulan na juye, ban rage ko kaɗan ba." Ta ciro waya. "Bari in kira shi in ce ya tafi kawai."

Iya Suwaiba ta sunkuyar da kai a kan wakenta, wanda ta gama tsincewa tuntuni. Har ta fara tunanin miyar da za ta kaɗa da dare.

"In ya so," Mansura ta ci gaba tana neman lambar, "in ƙara wa abin lokaci zuwa magariba, ko ya ɗan yi ƙarfi. Sai in hau babur ya fitar da ni babban titi, ba a rasa motar kaya mai wucewa."

Hannun tsohuwar ya tsaya a cikin faifai.

"Babur? Da magariba? A wannan hanyar?"

"To ya zan yi? Aikin mutane na karɓa."

"Ke da hankalinki kuwa? Maza masu gemu ba su bin ta da duhu."

"An ce an samu sauƙi."

"Sauƙin rana ne. Ki kwana, ki bi motar safe. Taron ba sai yamma ba?"

Ta faɗa. Abin da ta yi shekaru ba ta ce wa kowa ba ya fita, kuma bai fita da daɗi ba, kamar umarni ya fita.

Mansura ba ta ɗago daga wayar ba. "Haba Iya. Mama ta ce kada in kuskura. Kuma fisabilillahi, wa zai iya kwana a gidan nan?"

Ba da mugunta ta faɗa ba. Yadda ake cewa rijiya ta yi zurfi, haka ta faɗa.

"Ba kowa," in ji Iya Suwaiba. "Daga ni sai aljanu, su ma haƙuri suke yi."

Mansura ta ɗago ta dube ta.

"Ajiye wayar nan. Kada ki kira shi."

Iya Suwaiba ta dafa sanda ta miƙe, ta shiga ɗaki. Durƙusawa gaban gado ba ƙaramin aiki ba ne ga mai irin gwiwarta, amma ta durƙusa, ta jawo langa. Ta ɗan jima a haka, hannunta a kan murfin. Ta yi dabara ta kama yarinya, dabarar kuma ta tashi tura yarinyar kan babur cikin duhu. Ba sai an yi dogon tunani ba. Ta fito ta dire langar a gaban murhu, ta buɗe.

"Hura wutar."

Mansura ta leƙa. Curin mazarƙwaila ne jajaye, a jere, ko tururuwa ba ta taɓa ba.

"Iya, wannan mene ne?"

"Sabulun salo ne."

"Kin ce ba ki da ita!"

"Yaushe? Cewa na yi ba ni da haƙori. Buɗe kunnenki kike yi ko baki? Hura wuta na ce, rana na tafiya."

Daga nan ba ta sake wasa ba. Ta farfasa mazarƙwailar da taɓarya, ta zuba a tukunya da ɗan ruwa kaɗan, ta karɓe muciya daga hannun Mansura. Ta yi ta juyawa har ta narke, ta yi kumfa, kumfar ta kwanta ta koma manyan ƙwai masu fashewa a hankali. Ta sa aka kawo mata ruwan randa a moɗa, ta ɗiga kaɗan a ciki, ta lalubo da yatsa ta murza. Ya yi laushi. Ta ƙara jira, ta sake ɗigawa. Wannan karon da ta ciro ta buga a bakin moɗar sai ya ce ƙwas.

"Juyo kunun naki. Duka. Yi sauri, ba ta jiran mai nawa."

Mansura ta kankare tiren a cikin tukunya. Iya Suwaiba ta sauke, ta juya da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba, har jijiyoyin hannunta suka tashi.

"Shafa wa tiren mai. Ba wannan ba, botar taki, ko tsada gare ta? Yawwa. Shiga ɗaki ki ɗauko mani wuƙa a kan akwati, a tsaga shi tun da zafi."

Sai da yarinyar ta shige sannan ta tuna. Ƙaramin gadon da ke bayan ƙofa. Da safe ta shimfiɗa masa zanen gado wankakke, ta ɗaura gidan sauro, ta ajiye sabon silifas a ƙasa. Haka take yi duk ranar da aka ce wani zai zo, da yamma kuma ta kwance ta ninke. Ba wanda ya taɓa shiga ɗakin ya gani, don a tsakar gida ake gaishe ta.

Wuƙar na kan akwati, a fili. Mansura ta daɗe ba ta fito ba.

"Ƙera wuƙar kike yi?"

Ta fito ta miƙa. Iya Suwaiba ta karɓa ta ajiye kusa. Ta danne abin a tire da gindin kwano, ta tsattsaga shi gida-gida, ta ture gefe.

"Je ki yi alwala. Kafin ki sallame ya kama."

Aka kira la'asar, suka yi salla a tabarma ɗaya. Suna shafa addu'a sai ga hon ɗin Gide daga bakin hanya, irin dogon nan da yake yi in mota ta kusa cika.

Iya Suwaiba ta jawo tiren, ta ƙwanƙwasa shi da ƙotar wuƙa. Ƙwas, ƙwas. Ta ɓalle guda ɗaya, ya fita tsaf da kusurwarsa, yana ƙyalli.

"Ga shi nan. Ko a ƙarƙashin buhu Gide ya sa shi ba abin da zai same shi. Tashi ki naɗe kayanki. Ki ce ina gaida babanki, ki ce wa uwar taki na ga saƙo." Ta jawo faifan wakenta ta ɗora a cinya. "Ki ja mani ƙofar zaure in kin fita."

Mansura ta tsuguna gaban tiren. Ta ɗora yatsa a kai ta danna. Yatsan ya lanƙwashe, abin ko gezau. Ta girgiza kai.

"Bai kama ba."

"Me?"

"Bai kama ba, Iya. Dubi, ruwa ne tsululu."

"Ke, wannan in aka jefi kare da shi sai ya kwana yana kuka."

"Ido ne ba ki da shi. Ni da nake sana'ar na ce bai kama ba. In na shiga mota da wannan ai na yi asara."

"Mansura, kada ki mayar da ni mahaukaciya. Tun babanki bai san hanyar makaranta ba nake yin kantu."

"Kantu kika iya. Wannan na Turawa ne, daga waje yake fara yaudarar mutum, cikin kuma danƙo. Sai ya kwana."

Hon ya sake tashi. Iya Suwaiba ta sauke faifan daga cinyarta. Ta yi magana a hankali, ba da muryar wasa ba.

"In don abin da kika gani a ɗaki ne, tashi ki tafi. Shanya na yi. Ba na son a zauna mani don tausayi."

"Tausayinki? Ke da kika sa na yi wuni ina gadin zuma? Allah ya kiyaye. Ni kayana nake ji."

"Uwar taki fa? Ta ce kada ki kuskura."

"Zan kira ta in ce abu bai kama ba, kuma ba na hawa babur da duhu. Ita ma ba za ta so ba."

"Ƙarya za ki yi mata."

"A wurin wa na gada?"

Ba ta jira amsa ba. Ta figi mayafi ta nufi zaure, Iya Suwaiba na jiyo muryarta har tsakar gida: "Malam Gide! Ku tafi, Allah ya tsare! A ajiye mani gaba a motar safe!" Aka ji ya amsa da wani abu, injin ya yi ƙara, ƙarar ta yi nisa har ta ɓace. Ƙarar da Iya Suwaiba ta fi tsana ke nan a duniya. Yau ta saurare ta har ƙarshe.

Mansura ta dawo ta cire takalmi, ta miƙe ƙafa a tabarma kamar gidan ubanta, wanda kuwa shi ne. Ta ɗauki gudan da aka ɓalle ta kai baki. Sai da ta sa turame ta runtse ido kafin ya fashe, ƙarar ta kai zaure.

"Kin ji ko?" ta ce da cikakken baki. "Laushi kamar fura."

Iya Suwaiba ta dube ta, ta dubi tiren. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, fuskar ta ƙi. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta daɗe ba ta yi ba, har da tari, har sai da ta dafa ƙasa.

"To, na yarda. Ni ma yanzu da na duba da kyau, ruwa ne. Rufe shi kada ya zube." Ta goge ido da bakin zane, ta nuna bayan rumbu da sanda. "Tashi, malalaciya. Akwai wani jan zakara can, ki kamo shi ki kai wa Lawwali ya yanka tun da sauran rana. Ba don ke ba ne, dama ya ishe ni da cara."